Ginin ƙasa ko na bulo: amsa ga magidancin da damina ta ci wa gida

Tambaya: Wani magidanci daga wani ƙauye a ƙasar Ringim ya ce damina ta rushe masa ɗakuna biyu da katangar gabas, yana so ya sake gini bayan kaka, kuɗin hannunsa kuwa ba su taka kara sun karya ba. 'Yan'uwa suna ce masa ya bar ginin ƙasa ya koma bulo da kwano, amma ya ga ɗakin bulon ƙaninsa ba ya kwantuwa da bazara, da hunturu kuma sai an shiga da kasko. Yana son ya haƙa sabon masai alhali akwai rijiya a tsakar gidan, yana kuma da niyyar jawo famfo idan hali ya samu. Yana neman shawara a kan abin da zai fara da shi.

Amsa: Malam, Allah Ya mayar da alheri, Ya kuma kiyaye gaba. Maganar da 'yan'uwa suka sa ka a gaba da ita, wato ƙasa ko bulo, ba ita ce ta farko a wurina ba, domin a aikin duba gine-gine na ga ɗakin bulo da ya tsage tun daga tushe har linta kafin ya shekara uku, na kuma ga soron ƙasa da mai shi ya ga jikoki a cikinsa yana nan daram. Gidan Makama da ke Kano ginin ƙasa ne, haka ma tsohon masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Abin da ke kayar da gini a ƙasarmu ruwa ne, kuma ba ta hanya ɗaya yake zuwa ba: akwai wanda ke kwanciya a gindin bango, akwai wanda ke shigowa ta rufi, akwai kuma na cikin gida, wato ruwan wanka da wanke-wanke da na masai, wanda shi mutane suka fi rainawa. Mai ƙaramin ƙarfi ya kamata ya zuba ɗan simintinsa da ƙarfensa a wuraren da ruwa ke taɓa gini, tsakiyar bango kuwa, wadda ba ta taɓa ƙasa ba ta kuma taɓa rufi, ƙasa mai kyau ta ishe ta, kuma ita ce za ta ba ka sanyin da ɗakin ƙaninka ya rasa.

Kafin ka sayi ko da buhu ɗaya, ka fara duba filin. Garuruwan da ke bin Kogin Haɗeja, irin su Ringim da Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja kanta, sun ga ambaliya mai tsanani a 2022, kuma matsalar ba ta ruwan sama kaɗai ba ce, har da ruwan da ke gangarowa daga wajen madatsun Tiga da Challawa, da kuma ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin kogi a ƙasa. Ka nemi shatin da ruwan waccan shekara ya bari a jikin bishiyoyi da tsofaffin katangu, ka kuma tambayi dattawan unguwa inda ruwa ke bi tun suna yara, domin hanyar ruwa ko an cike ta da ƙasa ruwa ba ya mantawa da ita. Idan shatin bai wuce gwiwa ba, ana iya ɗaga gini a tsira. Idan kuwa ya kai ƙirji, gaskiyar magana babu irin tushen da mai ƙaramin ƙarfi zai yi ya tare wannan, gara ka nemi musayar fili a kan tudu ta hannun mai unguwa ko dagaci, ko da ya yi nisa da gona. Ƙasar ginin kuma kada a haƙe ta a bayan gida, saboda ramin da aka ɗebi ƙasa yau shi ne kududdufin da zai jiƙa maka tushe da damina, ya kuma tara sauro.

Tushe shi ne wurin da ba na yarda a yi mini rowa. A haƙa har sai an wuce ƙasar sama mai taushi an iske mai tauri, wanda a jigawa yakan kama ƙafa 2 zuwa 3. Idan ƙasarka irin ta fadama ce, baƙa mai danƙo wadda ke dararewa da rani har mutum ya zura yatsu a tsagar, to wannan tana kumbura idan ta sha ruwa ta kuma janye idan ta bushe, ita ce ke tsaga gini komai kyan bulonsa. A irinta sai a zurfafa fiye da haka, a shimfiɗa yashi a ƙasan ramin, a kuma sa rodi a cikin kankaren ya zagaye ɗakin ba tare da yankewa ba. Faɗin rami ya ninka kaurin bango sau 3, wato inci 27 ga bulo mai inci 9. Kwaɓin kankaren tushe kuwa buhun siminti 1 ne, kwanon sarki 6 na yashi, 12 na tsakuwa. Daga nan a hau da bulo, a cike ramukansa da kankare, har sai ya ɗara ƙasar waje da ƙafa 2, ko ya ɗara shatin ambaliya da ƙafa 1, duk wanda ya fi tsawo. Mutanen Dutse da Birnin Kudu da Kazaure suna da dutse a kusa, kuma dutse ya fi bulo a wannan aiki, ku kuwa na ƙasar yashi sai bulon. A saman wannan gini a shimfiɗa leda mai kauri kafin a ɗora bango, domin ita ce ke hana danshi hawa. Duk bangon da ka ga gindinsa ya yi fari kamar an barbaɗa masa kanwa, filasta tana zubowa daidai tsayin gwiwa, to an tsallake wannan leda ne don a yi tsimin kuɗin da bai kai na buhun siminti ba. Tun da kana da niyyar famfo, ka sa a bar guntayen bututu mai inci 4 a cikin tushen a wuraren da ruwa zai shiga ko ya fita, a toshe bakinsu da tsumma, don kada a zo ana fasa maka gini da guduma nan gaba.

A kan wannan tushe kana iya ɗora bangon ƙasa hankalinka kwance, da sharaɗin faɗin tushen ya kai faɗin bangon, ko da za a jera bulo layi biyu. Ka gwada ƙasar tukuna: a kwaɓa, a yi tubali huɗu ko biyar, a shanya a inuwa. Wanda ya tsattsage yumɓu ya yi masa yawa, sai a ƙara yashi; wanda ya marmashe a hannu kuwa yumɓunsa ya yi kaɗan, sai a nemo jar ƙasa a haɗa. Magina na da suna zuba ciyawa ko ƙaiƙayi da kashin dabbobi, a tattake, a bar kwaɓin ya kwana da kwanaki yana ruɓa kafin a taɓa shi, kuma gaggawar da ake yi yanzu ta kwaɓa da safe a ɗora da hantsi tana cikin abin da ya ɓata wa ginin ƙasa suna. Haka nan kada a ɗora fiye da abin da zai bushe a yini.

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare, shi ne shafa wa bangon ƙasa filastar siminti kai tsaye. Siminti da ƙasa ba sa kama juna, kuma zafi da sanyi ba sa motsa su daidai, saboda haka bayan damina ɗaya ko biyu filastar takan rabu da bangon alhali daga waje tana nan sumul. Ka je jikin irin wannan bango ka ƙwanƙwasa da bayan yatsa, za ka ji yana amsawa fanko; idan ka ɓamɓare wurin, sai ka tarar da ƙasa jiƙe sharkaf da hanyoyin gara a bayansa, domin ruwa ya shiga ta 'yar tsaga ya rasa hanyar bushewa. Irin wannan bango ba ya ba da sanarwa, rana ɗaya yake zubewa. Magabata makuba suke shafawa, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina, kuma waɗannan suna korar ruwa ba tare da sun toshe wa bango numfashi ba, sai dai masu iya haɗa su sun yi ƙaranci. Idan ba ka samu ba, yaɓen ƙasa da ake sabuntawa kowace shekara kafin ruwa ya sauka ya fi siminti aminci. In kuwa lallai sai siminti, to a kafa wayar kaji da dogayen ƙusoshi a jikin bangon tukuna, a yi kwaɓi marar ƙarfi sosai, kuma a taƙaita shi ga bangon gabas, tun da daga gabas hadari ke taso mana, shi ya sa ma katangarka ta gabas ce ta fara tafiya.

Idan zuciyarka ta tsaya a kan bulo, ban hana ka ba, amma ka san abin da kake saya. A ma'aunina buhu ɗaya bai kamata ya fitar da fiye da bulo 35 mai inci 9 ba, ko 45 mai inci 6, alhali masu bugawa don sayarwa da yawa suna wuce haka nesa ba kusa ba. Ka goga babban yatsanka a kusurwar bulon, idan yashi na zubowa ka bar musu kayansu; ka kuma ɗaga ɗaya daidai ƙugu ka sake shi a kan ƙasa mai tauri, mai kyau ba zai tarwatse ba. Abin da ya fi shi ne ka sayi siminti a buga a gabanka, a ajiye a inuwa, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7 aƙalla. Siminti da ruwa yake yin ƙarfi, ba da rana ba, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafi da shi. Iskar hunturu tana busar da shi kafin ya ƙosa, shi ya sa bulon da aka yi wa ruwa sau biyu aka bari yake zama gari. Yashin ma a duba shi: ka zuba rabin kwalba, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka ajiye ta kwanta, idan taɓon da ya zauna a saman yashin ya kusa kashi ɗaya cikin goma to wannan yashi zai cinye maka siminti a banza.

Batun rufi shi ne inda zafin ɗakin ƙaninka ya samo asali, ba bulon kaɗai ba. A watan Afrilu da Mayu zafin inuwa a Kano da Jigawa yakan haura digiri 40, kwanon da rana ke duka kuwa yakan wuce 60, kuma idan babu komai tsakaninsa da kan mutum duk wannan zafi a kansa yake sauka. Rufin soro na azara da ƙasa ba ya yin haka, domin kaurinsa yana jinkirta zafi sa'o'i masu yawa kafin ya ratso, sai dai yana son gyara kowace shekara, azarar giginya ta yi tsada, kuma guda ɗaya ba ta ɗaukar faɗin da ya wuce kamar ƙafa 6 sai an yi mata dabarar ɗauri. Hanyar da na fi so ga wanda ya samu hali ita ce a haɗa biyun, a yi soro marar nauyi a ƙasa, a ɗora kwano a samansa da tazarar da iska za ta ratsa, kwano ya tare ruwa, ƙasa ta tare zafi. Wanda bai samu wannan ba ya yi silin ko da na zana ne ko tabarma, ya ɗaga shi ƙafa 10 daga daɓe, sannan ya bar ƙofofin iska a bango tsakanin silin da kwano ta ɓangarori biyu masu fuskantar juna, a sa musu raga saboda jemagu da tsuntsaye. Silin da aka rufe samansa ruf ba ya hana zafi, jinkirta shi kawai yake yi zuwa lokacin kwanciya. Farin fenti a bayan kwano shi ma yana rage zafi ƙwarai, kuma bai kai kuɗin fanka da batirinta ba.

A ginin ƙasa kada ka yarda a ɓoye kwano a bayan bango kamar yadda ake yayi a birni. Ka bar shi ya zarce bango da ƙafa 2 ko fiye ta kowane gefe, don ruwa ya zuba nesa da gindin gini, a kuma yi ɗan daɓen siminti mai gangara a inda yake zuba. Tun da ka fito da kwano waje kuwa, sai ka ɗaure shi da kyau, domin guguwar farkon damina ta ƙarƙashi take ɗaga rufi. A zagaye saman bango da kankare mai rodi, buhu 1 da kwanon sarki 4 na yashi da 8 na tsakuwa, a binne langalanga ko siririn rodi a ciki, a naɗe katakon rufi da shi; ƙusa kaɗai ba ta riƙe rufi. Ƙusar kwano a kan tudunsa ake buga ta, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba, kuma kafinta ya fara jeri daga yamma ya nufo gabas, yadda bakin kowane haɗi zai juya wa ruwan gabas baya. Katakon a shafe shi da maganin gara kafin ya hau.

Yadda aka fuskantar da ɗaki ba ya cin ko sisi, amma yana cikin abubuwan da suka fi tasiri. Dogayen bangaye su kalli kudu da arewa, gajerun su kalli gabas da yamma, saboda ranar la'asar da ke dukan bangon yamma ita ce ke sa ɗaki ya kwana da zafi. Idan fili ya tilasta maka dogon bango a yamma, ka yi masa rumfa, ko ka dasa darbejiya, amma ka nisanta ta da taku 7 ko 8 daga gini da kuma hanyar bututu, domin saiwarta tana bin danshi. Taga ɗaya ba ta shigo da iska, sai iska ta samu mafita take shiga, don haka kowane ɗaki yana bukatar buɗi biyu a bangaye daban-daban, kuma jimlarsu kada ta gaza kashi ɗaya cikin goma na faɗin daɓen. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, taga biyu masu ƙafa 3 da 3 sun wadatar da shi. Na san abin da ke sa mutanenmu ƙanƙanta taga, wato sutura da tsoron ɓarayi, kuma dalili ne mai ƙarfi. Maganinsa shi ne babbar taga ta kalli tsakar gida, ta bangon waje kuma a yi ta siririya mai tsawo a can sama da kan mai wucewa, da ƙarfe da raga. Wannan ta saman ma ta fi amfani, tun da iska mai zafi sama take tashi. Kada kuma a manna bayan ɗaki da katangar maƙwabci, a bar ɗan lungu ko na ƙafa 3 ne. Cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa yana cikin abin da ke taimaka wa sanƙarau yaɗuwa a watannin zafi, ga tari da ƙyanda, saboda haka wannan ba maganar jin daɗi kaɗai ba ce. Sai dai in faɗa maka gaskiya, a tsakiyar bazara ko soron ƙasa yakan amayar da zafin da ya sha da rana idan dare ya yi, don haka ka bar wa iyali wurin shimfiɗa a tsakar gida da inda za a ɗaura gidan sauro.

Kasko kuwa ina roƙonka ka ɗauke shi da muhimmanci. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi bai daina fitar da ita ba, nan ne mutane ke ruɗuwa. Tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa ba ya farkawa ya ji ko ɗaya daga ciki. Sau da yawa idan aka wayi gari mutanen ɗaki guda duk sun galabaita sai a ce abincin dare ne ko iskokai, alhali kaskon yana nan a gefen gado. Idan za a ɗumama ɗaki, a yi tun ana zaune ƙofa a buɗe, a fitar da kaskon waje kafin kowa ya kwanta, musamman a ɗakin mai jego da na tsofaffi, kuma tagar sama kada a toshe ta da tsumma gaba ɗaya. Idan aka tarar da wani a wannan hali, a buɗe ƙofa da tagogi, a fito da shi sarari, a kai shi asibiti ko da ya farfaɗo. Janareta ma hukuncinsa ke nan, ba a tayar da shi a zaure ko kusa da taga. Ɗakin da ke da kaurin bango da silin, da murfin katako a tagogin arewa da gabas inda iskar hunturu ke bugowa, da ƙyar zai bukaci wuta, bargo ya isa. Madafi kuma a ware shi daga ɗakunan kwana, a bar masa mafitar hayaƙi a sama.

Masai da rijiya su ne suka fi ba ni tsoro a tambayarka. Ƙa'idar da ma'aikatan tsafta ke bi ita ce tazarar mita 30 aƙalla tsakaninsu, kamar taku 40 na babban mutum, masai ya kasance ta gangare, kuma ƙasan raminsa ya tsaya mita 1 da rabi zuwa 2 sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa. Ma'aunin nan da rijiyarka za ka ɗauke shi, kuma a watan Agusta ko Satumba lokacin da ta cika, ba da rani ba. A ƙasar yashi irin taku ruwa yana kusa kuma ƙazanta tana ratsa ƙasa da sauri, saɓanin yawancin ƙasar Kano inda dutse ke ƙarƙashi. Rijiyar maƙwabci ma tana cikin lissafi, haka masansa. A annobar amai da gudawa ta 2021 Kano da Jigawa da Bauchi suna cikin jihohin da suka fi jin jiki, kuma gurɓataccen ruwan sha shi ne babbar hanyarta. Idan gidan bai kai wannan faɗi ba, ka kai masai kusurwa mafi nisa, ka ɗaure rijiyar da kankare daga baki zuwa zurfin mita 3, ka ɗaga bakinta, ka yi mata daɓe mai gangara da murfi da guga nata na kanta wanda ba ya taɓa ƙasa, ruwan sha kuma a tafasa ko a sa masa maganin tsarkake ruwa, ko a ɗebo daga burtsatsen gari.

Ramin a yi shi zagayayye, faɗinsa kamar ƙafa 4, a ɗaure shi da bulo ana barin 'yan ƙofofi a layukan ƙasa don ruwa ya tsotse, na sama kuwa a liƙe su. Ramin yashi da ba a ɗaure ba yana ruftawa da damina, wani lokaci da mutum a kai. Inda ruwan ƙasa ya yi kusa, gara rami marar zurfi da aka ɗaga bakinsa sama da ƙasa ana hawa da matakala. Murfin ya zama na kankare da rodi, ba itace da ƙasa ba. Don wari da ƙudaje akwai wata dabara mai sauƙi da aka ƙirƙiro a Zimbabuwe a shekarun 1970: a kafa bututu mai inci 4 daga ramin ya miƙe sama ya ɗara rufi da rabin mita, a ɗaure bakinsa da raga, cikin makewayin kuma a bar shi da ɗan duhu. Iskar da ke wucewa ta bakin bututun tana zuƙo warin sama, ƙudan da ke cikin rami kuma yana bin hasken bututun ya tarar da raga ya mutu a nan. A riƙa duba ragar, domin da ta yage dabarar ta tashi. Mazaunin a daidaita shi kudu da arewa, yadda mai zama ba zai fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya ba.

Ruwan wanka kada ya shiga ramin masai, yana cika shi da wuri yana kuma zubar da gefensa. Kada kuma a yi abin da aka saba, wato a huda gindin katanga a sake shi lungu. Duba kowace katanga da aka yi wa haka za ka ga ta zaizaye daidai hudar, ta yi kore, ta rame daga ƙasa. A yi wa wurin wanka daɓen siminti, a ɗauki ruwan da bututu zuwa wani rami dabam da aka cika da duwatsu ko fasassun bulo, nesa da kowane bango da taku 5 ko 6. Bututun ƙazantar ruwa yana son gangara ta santimita 2 da rabi a kowace mita, in ta gaza haka ya riƙa toshewa, kuma a bakinsa a sa lanƙwasar nan da ke riƙe ɗan ruwa don ta hana wari da kyankyasai dawowa. Masai na zamani mai tankin ja kuwa ban ba ka shawararsa ba sai ruwa ya wadata, saboda kowane ja yana cin lita 6 zuwa 9, alhali na tsuguno da ake kora wa ruwa da buta ko bokiti lita 2 zuwa 3 ya ishe shi.

Ranar da famfo ya samu, ka tuna tanki mai lita 1,000 idan ya cika nauyinsa tan guda ne, don haka ba a ɗora shi a kan soro ko katanga, sai a kan ƙafafunsa na ƙarfe ko ginin bulo mai tushen kansa, kuma bututun ambaliyarsa a kai shi nesa da gini. Ƙarfin ruwa daga tsawo yake zuwa, ba daga girman tanki ba. Ƙasan tankin ya ɗara kan famfon wanka da mita 2 ko fiye. A fito da bututu mai inci 1, a rage shi a rassa, kowane reshe da makullinsa don gyaran wuri ɗaya kada ya hana gida ruwa. Bututun roba rana tana cinye shi ya yi ƙarau, saboda haka a binne shi kamar ƙafa 1 da rabi, wanda ya fito fili a shafa masa fenti. A ginin ƙasa ba a binne bututu a cikin bango ko kaɗan, a bi da shi ta waje inda ido zai ga ɗigo. Kwanonka ma rijiya ce: kowace milimita ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, wato rufi mai murabba'in mita 50 a shekarar da aka samu milimita 700 zai zubar da lita 35,000. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye, sannan a tara.

Game da lokaci, ka haƙa tushe da zarar an gama girbi, bango ya samu watannin rani ya bushe, rufi kuma ya hau kafin ƙarshen Afrilu. Idan kuɗin ba za su kai ɗakuna biyu da katanga a wannan tsari ba, ka yi tushen duka yanzu, ka gama ɗaki ɗaya da masai, katangar kuma a tare ta da zana ko dangan kara zuwa baɗi. Kayan aiki ka saya da kanka, magini da kafinta ku yi jinga mataki-mataki a gaban shaidu, tushe da kuɗinsa, bango da nasa, rufi da nasa, kuma ranar zuba kankaren tushe da ranar shimfiɗa leda ka bar duk abin da kake yi ka tsaya a wurin, domin su ne ayyukan da ƙasa ke rufewa ba a sake ganinsu. Ka kuma faɗa wa kafinta tun ranar ciniki cewa wani kaso na ladansa zai zauna a hannunka har sai ruwan farko ya sauka an shiga ɗakin an duba.